Hotuna Uku na Zuciyar Kawu

Kalmar da na fi ji a zaman makokin Kawu ita ce "kwatsam". Duk wanda ya cire takalmi ya hau tabarma a ƙofar gidansa da ke unguwar Takur a Dutse, in an yi addu'a an shafa, sai ya girgiza kai ya ce abin ya zo kwatsam. Wani ya ce ya gan shi a masallaci da asuba, lafiyarsa ƙalau. Wani ya ce ko ciwon kai bai taɓa jin ya yi ba. Ina gefe ina amsa gaisuwa, ina kuma gane fuskoki. Da yawa daga masu wannan magana sun taɓa riƙe hoton zuciyar Kawu da hannunsu, sun ɗaga shi sama sun ƙura masa ido, kowa ya faɗi abin da ya ga dama.

Kafin la'asar labarin ya sauya salo. Yanzu an ce hoton ne ma ya kashe shi. Sau uku ana cusa mutum cikin na'ura ana haska masa ƙirji, in ji su, ai dole zuciya ta ƙone. Ban sha wahalar gano mafarin maganar ba. Yana zaune daf da Kawu Babba, yayan marigayin, cikin farar shadda mai sheƙi, yana amsar gaisuwa da hannu biyu kamar shi aka yi wa mutuwar. Mijin 'yar Kawu Babba ne. Ya taɓa yin aikin miƙa kati a wani ƙaramin asibiti, tun daga nan dangi suke kiransa Dakta, shi kuma bai taɓa gyara wa kowa ba.

Da maganar ta tsaya a kan mamaci, da na bar su. Ba ta tsaya ba. Inna, mahaifiyata, ƙanwar Kawu, an riga an sa mata ranar zuwa Kano a ɗauki hoton tata zuciyar, kuma ranar ta faɗo cikin makon makokin. A kan tabarmar nan, gaban jama'a, Kawu Babba ya ce babu inda za ta. Ya rasa ɗaya, ba zai miƙa ta biyu ba.

Aikina karanta labaru ne a gidan rediyo. An koya mini in faɗi abin da ya faru, da wanda ya yi, da inda aka yi. Babu wanda ya tsananta mini a kan haka kamar Kawu, don haka zan faɗi nasa labarin yadda zai yarda da shi.

Su uku ne a ɗakinsu: Kawu Babba, sai Kawu, sai Inna auta. Mahaifinsu ya rasu suna ƙanana, Kawu Babba ne ya riƙe su a Garki, ya yi kiwo ya yi noma har ƙaninsa ya gama makaranta ya zama malamin gona. Kawu bai taɓa manta wannan ba. Na girma ban taɓa ganin ya zauna a kujera yayansa yana wurin ba. Ko a waya, in ya ga sunan Yaya, sai ya miƙe zaune ya gyara hula kafin ya amsa. Muna yara muna dariyar abin.

A wajen kowa ban da Yaya, Kawu mutum ne mai gardama. In na gama karanta labarun rana, kafin in kai bakin ƙofa wayarsa ta shigo. Ba ya sallama mai tsawo. Zai ce, "Mai labaru, ka ce an yi asarar amfanin gona mai yawa. Mai yawa nawa ne? Gero ne ko riɗi?" In na ce haka aka rubuto mini, sai ya ce wanda ya rubuto ba shi aka ji ba, ni aka ji. Sunayen ƙauyuka kuwa, in na karkata harshe a kan ɗaya, sai na maimaita masa shi a waya har ya gamsu.

Ya yi rigima da maƙwabcinsa a kan kwata har unguwa ta gaji da su. Maƙwabcin yana zuba ruwan wanke-wanke mai maiƙo a magudanar da suka haɗa, ita kuma tana toshewa a daidai ƙofar Kawu. Maƙwabcin ya ce ai jiya-jiya ruwa yana wucewa. Kawu ya ce kwata ba ta toshewa rana ɗaya, wanda ba ya leƙawa ne yake ganin haka. Suka daina gaisawa tsawon damina guda. Da matar maƙwabcin ta fara naƙuda mijin ba ya gari, Kawu ne ya nemo mota ya kai ta asibiti, ya zauna a waje har ta sauka. Washegari ya koma kan maganar kwata daga inda ya tsaya.

A gonarsa ta bayan gari akwai wani zirin ƙasa a gefen gabas da bai taɓa shukawa ba. Masu gonakin kusa sun cinye burtali kaɗan-kaɗan har shanu suka rasa hanyar zuwa ruwa, shi ya bar nasa gefen. An ce masa asara yake yi. Ya ce iyayensa da sanda suka bi ta irin wannan hanya, ba zai zama shi ne zai rufe ta ba.

Ciwon ya fara ne da nauyi a ƙirji in ya yi saurin tafiya, ko ya hau tudun da ke bayan gidansa. In ya tsaya sai ya sake shi. Likita a Dutse ya tura mu Kano, ni na tuƙa shi. Aka ba shi ƙwaya don zuciya ta rage gudu, aka kwantar da shi a kan wani siririn gado mai shiga cikin zoben na'ura, aka ɗura masa wani ruwa ta jijiyar hannu wanda ke sa hanyoyin jini su fito a hoto. Da ya fito ya ce ruwan ya ɗumama shi har tafin ƙafa, kuma an ce ya riƙe numfashi ya riƙe fiye da yadda aka nema, don kada a ce malamin gona ya gaza.

Likitan zuciyar mace ce, mai magana a hankali. Ta nuna mana jijiyoyin da ke ciyar da zuciyar kanta, sirara kamar saiwar gero. A bangon ɗaya daga ciki kitse ya taru ya rage faɗin hanya. Ta ce iri biyu ne. Akwai wanda ya daskare ya yi tauri, shi ne ke fitowa fari a hoto. Akwai mai laushi, mai duhu-duhu, wanda ido bai cika kamawa ba, kuma shi ne abin tsoro, don yana iya fashewa jini ya dunƙule a wurin ya rufe hanya gaba ɗaya. Na Kawu yawancinsa mai laushi ne. Ta rubuta masa maganin rage kitsen jini da na hawan jini, ta ce hoto ɗaya ba ya ba da labari, sai an sake wani nan gaba an jera su a ga inda abin ya dosa.

Kawu ya sha maganin kamar yadda yake yin komai, ba fashi. Ya rage man shanu, abin da ya fi masa wuya fiye da barin nama. Ya riƙa zagaya unguwa da ƙafa bayan sallar asuba.

Da lokacin hoto na biyu ya yi muka koma. Likita ta jera tsohon da sabon a allon kwamfuta. Ni da na kalla gabana ya faɗi, don farin ya ƙaru ƙwarai. Ita kuwa murmushi ta yi. Ta ce mu dubi duhun da ke kewaye da farin: ya ragu. Maganin ya sa mai laushin yana komawa mai tauri, kamar yadda ciwo ke zama tabo, kuma hanyar jini ba ta ƙara matsewa ba. Kawu ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, "Wato kwazazzabon bai cike ba, amma ya daina cin gona." Ta ce haka ne daidai. A hanyar dawowa har waƙar noma ya yi mini, da muryar da ba ta dace da waƙa ba.

A danginmu, in mutum ya dawo daga asibiti ba a tambayarsa me likita ya ce. Cewa ake yi ya kawo hoton a gani. Hana mai dubiya ganin hoto kamar hana shi ruwan sha ne. Sai a zare baƙar ledar daga ambulan, a ɗaga ta saitin ƙofa, ta bi hannu-hannu, kowa ya ce "Allah sarki" ya miƙa wa na kusa. Na ga wanda ya riƙe ta a juye ya fi kowa jimami.

Da babbar salla muka taru a Garki, a zauren Kawu Babba. Aka ce a kawo hotuna. Suka zagaya har suka iso hannun Dakta. Ya miƙe tsaye, abin da ba wanda ya yi, ya riƙe ɗaya a dama ɗaya a hagu, ya sa yaro ya ɗage labulen ƙofa.

"Baba, ku duba da idonku," ya ce. "Nan ɗan ɗigo ne. Nan kuma ya zama layi. Tun da ya fara shan ƙwayoyin nan abin yake ƙaruwa. Ni na yi aikin asibiti, na san yadda suke yi."

Zaure ya ɗauki salati. Kawu yana zaune a ƙasa kusa da ƙafar yayansa. Ya yi bayani sau ɗaya, da murya ƙasa-ƙasa, na fari da na duhu, kamar yadda aka yi masa. Na ƙara nawa. Kawu Babba ya saurare mu har ƙarshe, sannan ya tambayi ƙaninsa ko shi da ya je neman a rage masa abu, aka ƙara masa, har godiya ya yi. Aka yi dariya. Farin kowa yana ganinsa. Duhun kuwa sai an yarda da maganar wata mace a Kano da ba wanda ya san iyayenta.

Dakta yana da mafita a cikin mota. Haɗi ne na tafarnuwa da citta da lemon tsami da zuma, a robar ruwan sha, wanda ya ji a wani saƙon murya cewa yana wanke jijiya tas kamar an sa buroshi. Kawu Babba ya riƙe robar, ya dubi ƙaninsa. Ban ga mugunta a idonsa ba, tsoro na gani.

"In dai ni na riƙe ka," ya ce, "ka ajiye ƙwayoyin nan. Ka yi mini alkawari a gaban mutane."

Kawu ya sunkuyar da kai ya ce, "Na yi, Yaya."

Mutumin da ya yi damina guda yana gardama a kan kwata bai yi gardamar minti ɗaya a kan jijiyarsa ba.

A mota na ce masa abin mai sauƙi ne: ya karɓi robar, ya ci gaba da shan maganinsa a ɗaki, Garki ba ta ganin Takur. Ya ce in tsaya a gefen hanya. Da na tsaya ya ce tun yana yaro bai taɓa cin ko ƙwarar gyaɗa a ɓoye daga Yaya ba, ba kuma zai fara da furfura ba. Ya san Dakta bai san komai ba. Ya faɗa da bakinsa, ya ce mutumin ko takin zamani aka ba shi zai karanta buhun a juye. Amma ba Dakta ya yi wa alkawari ba. Na nemi in haɗa Kawu Babba da likitar a waya. Kawu Babba ya ce mai ɗaukar hoto ba zai taɓa cewa hotonsa ba shi da kyau ba.

Haka aka shiga zamanin robobi. Dakta yana kawo su da kansa, yana tambayar Baba Ƙarami, kamar yadda yake kiran Kawu, ko ya ji jijiyar tana buɗewa. Kawu yana sha yana yamutsa fuska. Ya taɓa ce mini abu ɗaya da ya tabbatar haɗin yana yi shi ne korar sauro daga bakin gadonsa.

Nauyin ƙirjin ya dawo. Da farko a tudu, daga baya a kan hanyar masallaci, wadda ba ta da tudu ko kaɗan. Wata safiya ya kira ni ya ce mu je Kano. Na tambaye shi alkawarin fa. Ya ce Yaya ƙwaya ya hana, bai hana hoto ba.

Likita ta jera uku a wannan karon. Ba ta yi murmushi ba. Farin yana nan yadda yake. Duhun ya dawo ya wuce na farko, hanyar jini ta zama kamar zare. Ta tambaye shi yaushe ya daina shan magani. Ya faɗa mata, ya kuma faɗa mata dalili ba tare da ya rage komai ba. Ta ajiye biron hannunta. Sannan ta ce ya koma kan maganin a ranar, kuma ya dawo ba da jimawa ba a shiga ta jijiya a buɗe wurin a sa masa 'yar raga ta riƙe shi. Kawu ya ce to, amma sai ya je Garki an kwance masa alkawari. Kafin mu tashi ya tambaye ta ko abin yana bin jini, don yana da ƙanwa mai hawan jini da take cewa ƙirjinta yana riƙewa in ta yi shara. Likita ta ce yana iya bi, a kawo ta. A nan aka sa wa Inna rana.

Ya je Garki da hotuna uku. Kawu Babba ya ce ba zai yanke magana ba sai ya ji ta bakin Dakta. Dakta ya ce kitsen ne yake narkewa shi ya sa ya yi duhu, alamar nasara ce, a ba sabon haɗi wata guda. Da fari ya ƙaru, laifin magani ne. Da duhu ya ƙaru, aikin roba ne. Ban taɓa ganin mutumin da hoto ya kasa ƙaryatawa kamarsa ba.

Da Kawu ya dawo bai wuce gida ba, gidanmu ya fara zuwa. Tun rasuwar mahaifinmu Inna ba ta yin tafiya sai da izinin Kawu Babba. Ina wurin Kawu ya ce mata, "Auta, ranar da za ki Kano, kada ki je wa Yaya neman izini. Sallama za ki yi masa. Wanda aka nemi izininsa yana iya hanawa. Wanda aka yi wa sallama addu'a kawai ta rage masa. Kuma in ya ce ki yi alkawari, ki yi tari, ki yi kuka, ki yi duk abin da za ki yi, kada ki ce kin yi." Inna ta ce shi me ya hana shi yin haka. Ya ce shi bakinsa ya riga shi.

Watan bai cika ba. Lokacin yankan riɗi ne, ya je gona da hantsi, ya zauna gindin darbejiya ya jingina. Wani makiyayi da ya biyo burtalin da shanunsa ya yi masa sallama bai amsa ba. Makiyayin ne ya tsayar da shanun, ya rufe Kawu da rawaninsa, ya zo gari da labari.

Ba zan ce da ya ci gaba da shan magani da yana raye ba. Likitar ma ba ta ce haka ba, kuma wa'adi na Allah ne. Abin da zan iya cewa shi ne an ga abin yana tahowa shekara da shekaru, an ɗauki hotonsa, an jera, an nuna wa kowa. Wanda ya ce kwatsam, ko dai ya manta abin da ya riƙe a hannunsa, ko yana so a manta.

Ana gobe ranar Inna, bayan an yi sallar la'asar, ta fito daga cikin gida da mayafinta har ƙasa. Mata ba sa zuwa tabarmar maza, don haka aka yi tsit. Ta durƙusa nesa kaɗan da Kawu Babba, ta gaishe shi, ta yi masa ya haƙuri. Sannan ta ce ta zo yi masa sallama ne, gobe da safe za ta Kano.

Kawu Babba ya ce ai ya riga ya yi magana. Dakta ya gyara zama ya fara cewa, "Gwaggo, in kin bi shawarata," sai Inna ta ci gaba kamar ƙuda ne ya gifta.

"Yaya, biyayyar da ya yi maka ta ishe mu mu biyu. Sai na dawo."

Na zuba ido ina jiran kalmar alkawari. Kawu Babba ya buɗe baki. Ya dubi ƙofar gidan ƙaninsa, inda takalman gona suke ajiye har yanzu ba wanda ya ɗauke. Da ya yi magana, muryarsa ba ta kai ƙarshen tabarma ba.

"Allah ya kiyaye hanya, Auta."

Hoton Inna ya nuna abin ya fara, amma da sauran hanya. An ɗora ta a kan magani, an ce ta dawo nan gaba a ɗauki wani a gwada da wannan. Da muka dawo 'yan dubiya suka cika ɗaki, aka ce a kawo hoto a gani. Inna ta ce ba hoton biki ba ne. Ta sa shi ƙarƙashin akwati ta zauna a kai.

Dakta bai yi fushi ba, irinsu ba sa yi. Ya aiko da roba biyu ta hannun matarsa. Inna ta karɓa ta yi godiya, ta sa albarka. Da muka je gaida iyalin Kawu a Takur ta tafi da robobin a jaka, ta tsaya a ƙofar gida ta tuttule su a kwatar nan da ya yi rigima a kanta. Ta ce tunda an ce yana wanke hanya, a fara gwadawa a nan.

Na leƙa bayan kwana biyu. Kwatar tana nan a toshe.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yalwata masa makwanci, ya karɓi cika alkawarinsa a matsayin ibada. Mu da muka rage, Allah ya ba mu ikon gane wanda ya cancanci a yi masa alkawari.